Tarihin Baƙin Ceri, Itacen Shinge da Ya Zama Dukiyar Kurmin Allegheny

Daga cikin itatuwan da Allah Maɗaukakin Sarki Ya hore wa gabashin Amurka ta Arewa, da wuya a sami wanda mutane suka yi saɓani a kan hukuncinsa kamar wanda suke kira baƙin ceri, wanda malaman ilmin tsirrai suka rubuta a littattafansu da sunan Prunus serotina; domin kuwa a ƙasa ɗaya, kuma a zamani ɗaya, kafinta yana ɗaukarsa dukiya, mai magani yana ɗaukarsa waraka, makiyayi kuwa da zarar ya hange shi a gefen makiyayarsa sai ya shiga neman gatari. Kowannensu yana da hujja, kuma hujjar kowanne ingantacciya ce. Abin da ya raba su shi ne wurin da itacen ya tsaya, da irin abin da hannun ɗan Adam ya aikata a wurin kafin ya tsiro, kuma wannan ita ce mas'alar da tarihinsa yake karantarwa, tun daga farkonsa har zuwa yau da masu 'yan gonakin bayan gida suka komo suna shuka shi da gangan, bayan iyaye da kakanni sun daɗe suna sare shi.

Ƙasarsa ta asali tana da faɗi ƙwarai, tun daga Nova Scotia da kudancin Kanada har zuwa Florida da Texas, akwai kuma wani jinsinsa a tuddan Meziko da Guatemala wanda 'ya'yansa suka fi girma, har ana kasa su a kasuwa. Yana ƙarami ɓawonsa santsi ne, ja mai duhu, da 'yan gajerun zane-zane a kwance. Idan ya manyanta sai ɓawon ya yi baƙi, ya farfashe ɓantare-ɓantare, gefen kowane ɓantare ya ɗago. Wanda ya yi shakkar ko shi ne, sai ya karce ɗanyen reshe da farce ya shinshina, zai ji wani wari mai ɗaci yana tashi, wanda shi ne alamar sinadarin da ya zama asalin maganinsa kuma asalin dafinsa. Yakan yi fure bayan ganye ya fito, wajen watan Mayu, farare ƙanana jere-jere a tsinke ɗaya, sa'an nan 'ya'yan su fito kore, su yi ja, su nuna baƙi ƙirin a watan Agusta ko Satumba. Galibi ba su wuce santimita ɗaya ba, kowane da ƙwallo ɗaya a ciki, ɗanɗanonsu kuwa zaƙi ne haɗe da bauri.

Tun kafin Turawa su sauka a wannan nahiya, al'ummomin da suka riga su zama, irin su Cherokee da Iroquois da Ojibwe da Lenape, sun san manfa'ar wannan itace sani na tahaƙiƙi: suna cin 'ya'yansa ɗanyu, suna kirɓa su su shanya saboda guzurin hunturu, sassaƙen ɓawonsa na ciki kuwa suna jiƙa shi su sha domin tari da mura da zazzaɓi. Baƙin da suka zo daga Ingila da sauran ƙasashen Turai suka karɓi wannan ilmi daga gare su, suka ƙara da tasu al'ada ta jiƙa 'ya'yan cikin barasar rake. Maganin kuwa ya sami karɓuwa, har ya zamana sa'ad da likitocin Amurka suka wallafa kundin magungunansu na farko a shekarar 1820, ɓawon cerin daji yana cikin abubuwan da suka tabbatar. Daga nan sai 'yan kasuwa suka shiga. Wani mai haɗa magani a garin Lowell na jihar Massachusetts, James Cook Ayer, ya fara sayar da kwalaben maganin ƙirji da sunan ceri a shekarun 1840, ya tara dukiya mai yawa da shi, alhali kuwa cikin abin da ke kwantar da tarin har da mofin, wanda ake fitarwa daga afiyun. Ba a kuwa wajabta wa masu wannan sana'a bayyana irin wannan sirri a jikin kwalba ba sai da dokar abinci da magunguna ta 1906 ta fito. Ɗanɗanon ceri da har yanzu ake sa wa alewar tari a Amurka gadon wancan zamani ne.

Amma babbar darajarsa a wurin kafintoci take. A ƙarni na 18 attajiran garuruwan bakin teku, kamar Boston da Newport da Philadelphia, ba abin da suke alfahari da shi a ɗakunansu irin kayan mahogani, wani itace dangin maɗaci da ake ɗaukowa a jirgin ruwa daga Jamaika da Kuba da Honduras da tsada mai yawa. Mutanen cikin ƙasa kuwa, musamman na kwarin kogin Connecticut, da yake kuɗin dako ya yi musu nauyi, sai suka waiwayi abin da ke bayan gidajensu, suka tarar cerin nan yana karɓar sassaƙa da gogewa, kuma idan ya bushe sosai ba ya tanƙwarewa, ba ya tsagewa. Wani kafinta, Eliphalet Chapin, wanda ya rayu daga 1741 zuwa 1807, ya yi aiki a Philadelphia ya ga fasahar mutanenta, sa'an nan ya koma garin East Windsor ya riƙa ƙera dogayen durowoyi da kujeru da ceri, kuma abin da ya bari yana cikin gidajen tarihi a yau. Wata siffa ta wannan katako da ta ƙara masa farin jini ita ce yadda haske yake rina shi: ranar da aka tsaga shi launinsa fari-fari ne da ɗan ja, amma kafin 'yan watanni sai ya soma duhu, ya yi ta nuna shekara da shekaru har ya zama ja mai zurfi, ta yadda wanda ya ajiye kwano a kan sabon tebur ya manta da shi, ranar da ya ɗauke zai ga da'irar gindin kwanon ta fito fes, ta fi sauran teburin haske. Saboda rashin motsinsa ne kuma masu maɗaba'a suka riƙa kafa farantan ɗab'i a kansa, maƙeran kayan awo suka riƙa yin ma'aunin magina da shi, kamfanonin jirgin ƙasa kuma suka ƙawata cikin taragai da shi, har manyan itatuwan da ke kusa da garuruwa suka yi ƙaranci tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare.

Manomi shi kuwa labarinsa daban ne. Tsuntsaye su ne masu shukar ceri, suna haɗiye 'ya'yan su je su sauka a kan shinge su kasayar da ƙwallayen, saboda haka duk inda aka kafa shinge a gonakin gabashin Amurka, ba a daɗewa sai jerin ceri ya tashi a gindinsa ba da izinin mai gona ba. Aibinsa kuwa shi ne, idan iska ta karya reshe ya faɗo cikin makiyaya, ganyen ya yi yaushi, sinadarin nan mai ɗaci yakan rikiɗe ya zama guba irin wadda ake kira sayanayid, saniya ko tunkiya ta ci ta faɗi cikin ɗan lokaci kaɗan. Makiyayanmu sun san kwatankwacin wannan a ɗanyen gyauron dawa, kuma gubar iri ɗaya ce. Bayan wannan, akwai wata tsutsa mai saƙa farar yana a tsakanin rassa wadda ta fi son ceri a kan sauran itatuwa, daga nan ta bazu cikin lambunan tuffa. Ƙiyayyar ta kai matuƙa a shekarar 2001, lokacin da dubban goɗiyoyin sukuwa a tsakiyar jihar Kentucky suka yi ɓari cikin 'yan makonni, a shekarar da wannan tsutsa ta yi yawa ainun. Da farko aka tuhumi gubar ganyen, amma bincike ya nuna daga baya cewa gashin jikin tsutsar ne, wanda goɗiyoyin suke haɗiyewa tare da ciyawa, yake huda hanji ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Hukuncin dai bai sauya ba a wurin masu dawaki, domin itacen ne masaukin tsutsar, suka sare shi da yawa daga gonakinsu.

To, yaya aka yi itacen da ke tsirowa ɗai-ɗai a gindin shinge ya zama arzikin lardi guda? Amsar tana tudun Allegheny, a arewa maso yammacin jihar Pennsylvania, ƙasar da asalinta ta mutanen Seneca ce. Sa'ad da safiyoyin kamfanin filaye suka auna wani yanki nata a 1814 da 1815, al'adarsu ita ce su sa alama a jikin itatuwan da ke kan iyakoki, su rubuta sunan kowanne a littafi a matsayin shaida. Irin waɗannan littattafai ne wani masani, Gordon Whitney, ya bi diddiginsu a binciken da ya wallafa a 1990, ya gano cewa a cikin kowane itace 100 na wancan kurmi, fiye da 60 itatuwa biyu ne masu jure inuwa, waɗanda ake kira hemlok da bic, baƙin ceri kuwa bai cika ko ɗaya ba. Dalili a fili yake, domin ceri itacen rana ne, ba ya girma a ƙarƙashin wani, kurmin kuwa a rufe yake ruf, ba ya samun sarari sai inda guguwa ta kayar da manya.

Sai aka shiga cin kurmin daki-daki. Da fari aka tsince dogayen itatuwan fain da ke kusa da ruwa, ana ɗaure gumagumai ana sako su bisa kogin Allegheny zuwa Pittsburgh. Bayan haka majemu suka kafu, saboda ɓawon hemlok shi ne abin jimarsu, yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 kuma ya sa bukatar fata ta hauhawa, har garin Sheffield ya shahara da jima, ana kawo masa ƙiraga daga ƙasashe masu nisa. A farkon al'amarin sau da yawa akan ɓare itacen a ɗauki ɓawo a bar gungumen ya ruɓe a daji, wanda israfi ne da ba ya bukatar sharhi. Rijiyar mai ta farko da Edwin Drake ya haƙa a Titusville a 1859 ta jawo jama'a da jari, dogon da ya haɗa Philadelphia da Erie ya kammala a 1864, a wannan zamani ne kuma Janar Thomas Kane ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Duk da haka tsaunuka sun kare mafi yawan kurmin, sai da aka ƙago kawunan jirgi masu haƙoran ƙarfe da ke iya hawan tudu a kan dogon wucin gadi, irin su Shay da Climax da Heisler, aka kuma kawo manyan injunan tsaga katako, sa'an nan ya zamana babu kwazazzabon da ya gagara. Abin da masu katako suka raina kuwa, ƙanana da karkatattu, sai masana'antun gawayi da sinadarai suka kwashe, suna dafa itace a manyan tukwanen ƙarfe suna tatsar barasar itace da sauran ruwaye. Tsakanin 1890 da 1930 aka aske tudun kusan ƙwal, wuta kuma ta bi tarin rassan da aka bari tana ci shekara bayan shekara.

Da kamfanoni suka gama suka tashi, sai suka bar ƙasar da ba mai so, wasu ma ba su ƙara biyan harajinta ba. Dokar Weeks ta 1911 ta ba gwamnatin tarayya ikon sayen irin waɗannan filaye domin kare mafarin koguna, kuma a 1923 Shugaba Calvin Coolidge ya kafa gandun daji na ƙasa na Allegheny, wanda a yau ya haura eka 500,000 a gundumomin Warren da McKean da Forest da Elk. Mutanen wurin suka riƙa yi masa ba'a, suna cewa gwamnati ta sayi sarƙaƙiya ta sa mata sunan kurmi. Amma a cikin sarƙaƙiyar nan ne sababai suka haɗu wa ceri irin haɗuwar da ba ta taɓa faruwa ba. Rana ta sauka har ƙasa a ko'ina lokaci ɗaya. Ƙwallayensa, waɗanda suke iya kwanciya cikin ƙasa shekara uku ko fiye suna jira, suka tsiro, kututturensa kuma suka yi toho. Da yake ya fi abokan tsirowarsa saurin tashi, sai ya riga su kai wa ga haske, su kuma suka matse shi ta ko'ina har ya zubar da rassansa na ƙasa, ya miƙe sambal ba gaɓa ba ƙulli, wanda shi ne abin da mai katako yake nema. Hatta barewa ta taimaka masa ba da saninta ba: an ƙarar da kyarketai da sauran maƙiyanta, an hana harbin matanta da dokar 1907, ta yi yawa fiye da ƙima, ta bi tsiron sauran itatuwa tana cinyewa, na ceri kuwa ba ta cika damuwa da shi ba. Kafin shekarun 1970 itacen da bai cika ɗaya cikin 100 ba ya haura 20, kuma aka wayi gari mafi kyawun katakon ceri a duniya daga wannan tudu yake fitowa. Masu saye suna zuwa daga Jamus da Italiya, daga baya har da Sin, suna zaɓar gumagumai ɗaya-ɗaya domin a fere su falle-falle a lulluɓe kayan ɗaki, garin Kane kuma ya yi wa kansa laƙabi da babban birnin baƙin ceri na duniya.

Wanda yake son ya tabbatar cewa wurin tsayuwa ne ke yanke wa wannan itace hukunci, sai ya dubi abin da ya same shi a Turai. An kai shi Faransa tun wajen shekarun 1620 domin ƙawata lambu, daga baya ma'aikatan gandun daji na Jamus da Holan da Beljiyam suka yi kwaɗayin katakonsa, da kuma fatan ganyensa zai gyara jigawar da suka dasa wa fain, suka shuka shi da yawa, musamman a rabin farko na ƙarni na 20. Katakon bai samu ba, domin a wannan rairayi galibi karkataccen ɗan itace yake zama. Sai dai ya bazu ya toshe ƙarƙashin dazuzzuka, ya hana itatuwan ƙasar tsirowa, har mutanen Holan suka sa masa suna annobar daji, ana kashe kuɗi mai yawa wajen tumɓuke shi. Masana sun gano cewa ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne a ƙasarsa ta asali akwai wata ƙwayar cuta a cikin turɓaya, mai suna Pythium, wadda take taruwa a gindin uwa tana kashe mafi yawan 'ya'yan da suka tsiro kusa da ita, a Turai kuwa ya sami sauƙin wannan takunkumi.

Shi ma zamanin Allegheny yana da ajali. Tun farkon wannan ƙarni malaman daji suka lura itatuwan ba sa yin 'ya'ya kamar da, tsiro ya ragu, manya suna mutuwa fiye da yadda aka saba. Kasuwar ma ta faɗi bayan rushewar cinikin gidaje na 2008, sha'awar masu saye kuma ta karkata ga wasu launuka. A 2021 Alejandro Royo da abokan aikinsa suka wallafa wani ra'ayi mai ban mamaki, cewa hayaƙin masana'antu da tashoshin lantarki, wanda ruwan sama ya daɗe yana saukarwa a kan tudun, yana ɗauke da naitirojin, sinadarin da ceri yake matuƙar so, don haka ya zame masa taki na shekaru masu yawa. Da aka gyara dokar tsabtace iska a 1990 hayaƙin ya ragu, sai takin ya yanke, cututtukan turɓaya kuma suka sami dama saboda cunkoson itatuwan iri ɗaya. Idan wannan ra'ayi ya tabbata, to ɓarna biyu ce ta rene shi, ta gatari da ta hayaƙi, kuma babu mai hankalin da zai nemi a maimaita ko ɗaya daga cikinsu domin katako.

A daidai wannan lokaci ne kuma masu 'yan filaye a bayan gida suka soma kallonsa da wani ido. Littafin da Douglas Tallamy na Jami'ar Delaware ya fitar a 2007 ya yaɗa fahimtar cewa yawancin tsuntsaye da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu, tsutsa kuwa ganyen itatuwan ƙasarta take ci, kuma dangin ceri suna ɗauke da fiye da iri 400 na tsutsar malam-buɗe-littafi da danginsa; sai ga shi abin da manomi yake gani aibi a da ya koma dalilin shuka. Ƙa'idojin shukar kuwa duk daga wannan tarihi aka ciro su. Ƙwallon ba ya tsirowa sai ya sha sanyi da danshi na wata uku zuwa huɗu, saboda haka ko dai a binne shi da kaka a rufe da raga saboda ɓeraye da kurege, ko a ajiye shi cikin jiƙaƙƙen yashi a firiji har hunturu ya wuce. Ana zaɓar masa wuri mai rana wanda ruwa ba ya kwanciya, nesa da uwarsa saboda cutar turɓaya, nesa da makiyaya da garke saboda gubar ganye, nesa kuma da rufin ɗaki, domin saiwarsa ba ta nutsawa ƙasa sosai, guguwa takan tuge shi. Ana kewaye dashen da waya har ya wuce bakin barewa da zomo. Wajen shekara goma zai fara 'ya'ya, a tsinko a dafa a tace, a zubar da ƙwallayen, a haɗa ruwan da sukari a yi abin shafa wa burodi, tsuntsaye kuma su kwashe saura.

Abin da ya wajaba mai shuka ya daidaita tun farko shi ne niyyarsa. Itacen da ya tashi shi kaɗai a fili yakan rabu biyu tun yana ƙasa-ƙasa, ya baje rassa, ya ba da inuwa da fure da 'ya'ya, amma ba zai ba da gungumen da masu saye suke tsallako teku dominsa ba. Wanda yake son wannan sai ya dasa shi cikin cunkoson wasu itatuwa, ya yi haƙurin shekara sittin zuwa tamanin, ya kuma san jikokinsa yake yi wa aiki. Mafi yawan masu bayan gida na farkon suke samu, kuma ba su yi hasara ba, domin ceri ɗaya ko biyu a tsakanin itatuwa iri-iri shi ne mizanin da safiyoyin 1814 suka tarar, kuma a kan wannan mizani ne itacen ya zauna dubban shekaru yana ciyar da tsuntsu da mutum kafin a kafa masa kasuwa.